Tokar Waken Alice

Kowa a Gayam ya san kwarin bayan gidan Philemon. Ƙasar wurin ba ta da kunya ko kaɗan, ruwa na taɓa ta sai ta koma kunu, mota ta shiga ta zauna sai rani. Shi kuwa Philemon burinsa ɗaya a duniya, babbar mota ta tsaya a ƙofar gidansa ta kwashi wakensa zuwa kasuwar Birni, ya huta da rainin 'yan acaɓa masu zubar masa da buhu a taɓo.

Sai ga Injiniya Safiyatu da buhunan farar ƙasa. Ta ce in aka gauraya ta da tokar kara da ta ɓuntun shinkafa, aka daddaɓe, kwarin zai yi tauri. Amma toka sai gari ya kawo.

Ai fa Philemon ya naɗa wa kansa sarautar toka. Ya share murhun gidansa tas, ya share na maƙwabta, har na limamin gari bai tsira ba. Duk da haka aka zo daidai ƙofar gidansa toka ta ƙare.

A ranar kuwa matarsa Alice ta tafi biki a Kazage. Ya shiga ɗakin ajiya, ya tarar da randunanta cike da wake, kowacce an binne waken cikin toka. "Dubi ɓarna," in ji shi, "wake ne zai yi miya da ita?" Ya ɗauko rariya ya tankaɗe duka, ya mayar da wake fes, ya rufe, ya yi shiru da bakinsa.

Hanya dai ta yi. Damina ta dake ta har ta gaji, ko gezau. Da wake ya yi daraja, babbar mota ta taho da baya har ƙofar gida, Philemon na bayanta yana ba da hannu, daɗi kamar ya kashe shi.

Alice ta buɗe randar farko. Ƙwari suka yi sama, ƙasa kuwa gari ne da ɓawo. Haka ta biyu, haka ta ƙarshe.

Ta juyo wajen Philemon. "Baban Blessing, ina tokata?"

Ya nuna mata ƙarƙashin tayar mota.

Ta daɗe tana kallon hanyar. "Madalla," ta ce. "Ka ce wa direba ya loda. Ƙwarin ma su je su ga Birni."