Baba Ya Ce Ya Ji

Duk abin da ka faɗa wa Babanmu, amsarsa ɗaya ce: "Na ji." Ka ce masa abinci ya sauka, na ji. Ka ce masa akuya ta shiga ɗaki, na ji. Akwai ranar da Yaya, babbar yayarmu, ta gwada shi, ta dube shi tana murmushi ta ce, "Baba, na sayar da gidan nan." Ya gyaɗa kai ya ce ya ji, Allah ya yi mata albarka.

Gaskiyar magana ita ce rabon Baba da jin magana sosai tun muna yara. Rayuwarsa kaf a ɗakin injin niƙa ya yi ta, injin ya niƙe hatsin mutane ya haɗa da kunnuwansa. In kana so ya gane ka, sai ka matso kunnensa na hagu ka ɗaga murya, ko ka tsaya inda zai ga bakinka. Amma kuskure ka ce masa kurma, ranar za ka san cewa shi bakinsa lafiya lau yake.

Gidanmu ne na ƙarshe a layin da ya gangara bakin kogi, daga shi sai ciyawa sai ruwa. Daminar bara aka saki ruwan madatsar da ke sama da gari, ya shigo unguwa da rana tsaka. Maƙwabta suka yi ta ihu suna dukan ƙofofi, kowa ya haye tudun makaranta. Baba yana ɗaki yana ɗinkin takalminsa, bai san abin da duniya ke ciki ba sai da ruwa ya taɓa masa idon sawu. Wani direba maƙwabcinmu ne ya koma ya goyo shi, ruwa har ƙirji.

Tun daga ranar Yaya ta kafe a kan lallai Baba ya koma gidanta, can saman bene a tsakiyar gari. Baba ya ce shi ba tantabara ba ne da za a ajiye shi a sama. Yana da kajinsa, yana da bishiyar lemon da marigayiya mahaifiyarmu ta dasa, yana da tsohon mazurarin injinsa na ƙarfe da ya jingine a ɗaki ya hana kowa taɓawa. Ni kuwa Auta, ina tsakiya kamar gishiri a miya, kowa ya ɗebo rigima da ni a ciki.

Ana cikin haka hukuma ta ce za a kafa jiniyar gargaɗi a unguwar, wadda za ta yi kuka in ruwa ya taso. Ni mai aikin lantarki ne, kuma kamfanin da nake wa aiki aka ba kwangilar. Da na kawo labari gida, Baba ya washe baki. Yaya kuwa ta matsa kunnensa ta ce, "To Baba, mu yi alkawari. In ka ji jiniyar nan, ka zauna a gidanka, ba zan ƙara ɗaga maganar ba. In ba ka ji ba, kafin ruwan farko ka bi ni."

"Na ji, Uwata," in ji Baba. Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci, kuma wallahi ta ci har da mulkin.

Ban taɓa yin aiki da zuciya ɗaya irin wannan ba. A tudun makaranta muka haƙa rami muka zuba siminti, da ya bushe mota mai ƙugiya ta zo ta ɗaga turken ƙarfe ta tsayar. Ni na hau, ɗamarar tsaro a ƙuguna, na ɗaura manyan ƙahonin lasifika suna kallon kowace kusurwa, na ɗaure kowane noti har sai da sifana ta ce ta gaji. Na kafa farantin sola a sama, na ja waya zuwa akwatin batir a ƙasa, don ko an ɗauke wuta ta yi kuka. Shugabar aikin wata injiniya ce marar son wasa, mai yawo da na'urar auna ƙara a wuya. 'Yan unguwa suka sa mata Injiniyar Jiniya, ta yi kamar ba ta ji ba, alhali ita kunnenta garau.

Ranar gwaji mota ta zaga da lasifika tana cewa gwaji ne, kada kowa ya firgita. Aka danna. Wani siririn kuka mai tsini ya tsaga sama, tsuntsaye suka watse, karnuka suka ɗauka, jarirai suka taya su. Masu awon ƙara da aka baza a gari suka yi ta kiran Injiniya ta rediyon oba-oba daga kasuwa da tasha da asibiti, kowa na cewa ta kai. Na bakin kogi kaɗai ya ce ta kai, amma da ƙyar.

Ban tsaya naɗe waya ba, na gangara gida da gudu. Na tarar da Baba a gindin lemo yana watsa wa kaji tsaba, Yaya na zaune a gefe ta harɗe hannu.

"Baba, ka ji?"

"Na ji mana. Aiki ya yi kyau, Auta."

Har na fara murna. Yaya ta taso a hankali ta tsaya a gabansa. "Baba, me ka ji? Ai ba a kunna ba tukuna, an ɗaga sai gobe."

Baba ya dube ni, ya dube ta. "Yauwa," ya ce. "Ni ma dai na ce shirun ya yi yawa."

Babu wanda ya yi dariya. Ya ga fuskokinmu ya gane tarkon da ya faɗa, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da watsa tsaba inda babu kaza ko ɗaya. Na ji haushin Yaya kamar in yi me, amma na san ba ƙeta ba ce, ita ce ta wanke masa laka a jiki bara tana kuka. Washegari ta fara kawo kwalayen kwashe kayansa. Baba bai yi musu ba. Ya kira ni gefe ya ce in nemi mai hankali wanda zai karɓi kajin, kada a ba wanda zai yanka su. Wannan maganar ta fi komai yi mini ciwo.

Na koma wurin aiki jiki a sanyaye. Injiniya ta lura ina ɗaure notin da na riga na ɗaure, ta ce, "Malam, ko turken ya yi maka laifi ne?" Na kwashe labari na faɗa mata. Ta tambaye ni abin da ya kashe masa kunne, na ce injin niƙa.

"Masu aikin inji siririyar ƙara ce take fara ɓace musu," ta ce. "Mai kauri takan rage. Yana jin tsawa?"

Sai abin ya faɗo mini. Baba yakan riga mu sanin babbar mota na tafe, ya ce a janye yara daga hanya. Muna ƙanana yakan ɗora tafinsa a jikin inji ya ce bel zai tsinke, kuma ya tsinke. Na faɗa mata haka.

Ta buɗe akwatin ta nuna mini. Ashe jiniyar murya da yawa gare ta, mu ta farko kawai muka gwada. Akwai wata mai kauri, mai tashi da sauka, wadda ta fi ratsa bango. Ta ce dama awon bakin kogi bai gamsar da ita ba, kuma tsofaffi irin Baba ba shi kaɗai ba ne a layin. Ta nemo izinin sake gwaji. Ni kuma na sake hawa, na kwance ƙahon da ke kallon kogi, na sunkuyar da bakinsa yadda zai zuba kukansa cikin layinmu maimakon ya bi ta saman rufi.

Yaya ta yarda, amma da sharuɗɗanta, don ta ce gani ya kori ji. Ba za a faɗa wa Baba ranar ba. Za ta kulle kaji a akurki don kada su tona asiri, ta zaunar da shi a ɗaki ta saki labule, ita kuma ko gira ba za ta ɗaga ba. Babu mai tambayarsa ko ya ji. In ya ji, ƙafarsa ta faɗa.

Da hantsi muka taru a tudu. Labari ya riga ya zaga, rabin unguwa sun hau sun tsaya, kowa ya zuba ido ga ƙofarmu mai shuɗin fenti can ƙasa. Injiniya ta miƙo mini abin toshe kunne, ta ja da baya daga akwatin. "Kai za ka danna," ta ce.

Na yi bismillah na danna.

Wannan karon ba ta tsaga sama ba, daga ƙasa ta taso. Wani gurnani ne mai nauyi, ya hau a hankali, ya sauko, ya sake hawa. Na ji shi a tafin ƙafata, na ji shi a haƙorana. Tagogin makaranta suka ɗauki rawa. Masu awo suka fara kira ta oba-oba, ban saurari ko ɗaya ba. Ƙofar nan shiru. Kukan ya sauka ya sake tashi, ƙofa shiru. Na fara lissafin wanda zan ba kaji.

Sai ƙofar ta buɗe da ƙarfi har ta daki bango.

Baba ne, babu hula, takalmi ƙafa ɗaya, ya riƙe wuyan hannun Yaya yana jan ta kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. Tana tirjewa, mayafinta na jan ƙasa, shi ko waiwaye ba ya yi. Tudun nan ya kaure da sowa. Direban da ya goye shi bara ya cire hularsa ya jefa sama, mata suka rangaɗa guɗa, ita kanta Injiniya na ga haƙoranta a karon farko. Ni dai na tsaya da hannu a kan akwati, hawaye na zuba, ban ma damu da wa ke kallo ba.

Ya iso yana haki, ya saki hannunta, ya nuna ta da yatsa. "Auta, wannan yayar taka a kai ta asibitin kunne! Gida na rawa, ina ce mata ta tashi, tana ce mini wai ita ba ta ji komai ba!"

Yaya tana dariya tana share ido ta ba mu labari. Suna zaune yana ba ta tarihin wani tsohon abokinsa, sai ya yanke magana. Ya ɗora tafinsa a kan mazurarin nan na ƙarfe, ya ce, "Wa ya tada inji?" Sai ya zabura ya ce, "Ba inji ba ne, ta Auta ce. Ruwa! Tashi!" Ta ce masa ita ba ta ji komai ba, ta ce ya koma ya zauna. Bai tsaya gardama ba, ya fizge ta, ko kajin bai kalla ba.

Na kashe jiniyar, na matsa kunnensa na hagu na ce gwaji ne, babu ruwa. Ya harare ni, ya harari Injiniya, ya harari jama'a, sannan ya gane. Don in tsokane shi na ce, "To Baba, ka ji?"

A karon farko a rayuwata bai ce na ji ba. Ya kamo hannuna ya ɗora a ƙirjinsa, inda zuciyarsa ke bugawa kamar za ta fito.

"Ta nan ta shigo," ya ce.

Yaya ta durƙusa ta cire takalminta ta sa masa a ƙafar da babu. "Baba, alkawari kaya ne. Ka zauna a gidanka. Anjima zan zo in kwashe kwalayena."

"Bar su, Uwata," in ji shi, ya riga ya juya ya fara gangarawa. "Kaji za su yi ƙwai a ciki. Ke dai ki riƙa zuwa kina kwana in damina ta kama, don can saman benen ban san wa zai riƙa ji miki ba."