Yaƙin Masar da Tafiyar Ya Kaka

Mala Ari ya bar wa maƙwabcinsa tsaron rumfar kanwa, ya fita daga kasuwar Kurmi yana sauri kamar wanda aka kora. Akwatin rediyo ya faɗi cewa yaƙi ya ɓarke a Masar, jiragen Ingila da na Faransa suna ta ruwan wuta. Duk wanda ya ji sai ya yi jugum. Shi kuwa, Allah ya yafe masa, daɗi ya ji har cikin ransa.

Dalili kuwa, jibi mahaifiyarsa Ya Kaka za ta hau babbar mota tare da ayarin danginsu na Barno, su nufi Gabas aikin Hajji. Tun damina yake neman hanyar hana ta. Ya kawo zancen tsufa, ta ce ba a kansa take ɗauke da shi ba. Ya kawo ciwon ƙafa, ta ce motar ce za ta yi tafiyar. Yau ga hujja ta zo har gida, domin a wurin mutanen unguwarsu Gabas guda ce: Makka, Masar, Sudan, duk suna can inda rana ke fitowa, kafaɗa da kafaɗa.

Amma ya san Ya Kaka ba ta sayen magana a bakinsa. Don haka ya biya ta wurin abokinsa Malam Tanko, malamin elemantare, ya roƙe shi ya ɗauko taswirar makaranta su je gidansu a Dala ta gani da idonta. Bai gaya masa abin da yake so a gani ba. Nan ya yi wautar.

Tsohuwa ta fito zaure, aka gaisa, aka shimfiɗa taswira a kan tabarma.

"Inna, nan Kano," in ji Malam Tanko. "Nan Masar. Kin ga wannan siririn layi? Shi ne mashigin Suwes. Mutane ne suka haƙa shi don ya haɗa teku biyu. Man da Turawa ke zuba wa injinansu, yawancinsa ta nan yake bi. In an rufe shi, sai jirgi ya zagayo duk ƙasar baƙar fata."

Ya Kaka ta sunkuya, ta daɗe tana kallo.

"Ashe ƙofa ce," ta ce. "Kamar a rufe Ƙofar Mata, a ce wa mai jaki ya zagaya ta Ɗan Agundi."

"Haka ne, Inna. Sai dai zagayen ya fi haka nisa."

"Mai gida ya ce ƙofarsa ce, masu wucewa suka ce ba su yarda ba. To, yaƙi kam dole. Tun muna yara, duk wanda ya riƙe ƙofa ba ya rasa abokin faɗa."

Mala Ari ya gyara zama. "Kin dai ji da kunnenki, Inna. Hanya ta ƙi. Sai wata shekarar, in Allah ya kai mu."

Ba ta ko dube shi ba. "Malam, nuna mini tawa hanyar."

Malam Tanko, mutum ne da bai iya shafa wa gaskiya mai ba, ya ɗora yatsa ya ja: Yarwa, Wadai, Sudan, har bakin Bahar Maliya, sannan ƙetare zuwa Jidda. Ya Kaka ta sa tafin hannunta tsakanin wannan layi da inda ake yaƙin, ta ga akwai sauran fili.

"Nan zuwa nan, ya kai Kano zuwa Ikko?"

"Ya wuce, Inna."

"In gobara ta tashi a Ikko, mukan kwashe kaya a Dala?"

Malam Tanko ya yi dariya, ya juya ya ga fuskar abokinsa, dariyar ta maƙale. Sai a lokacin ya gane aikin da aka ɗauko shi ya yi. Ya naɗe taswirarsa a hankali, ya yi sallama ya fita.

Mala Ari ya ji haushin taswira, ya ji haushin abokinsa, ya kuma ji kunyar murnar da ya yi da yaƙin da ake kashe bayin Allah a cikinsa. Abin da ya daɗe yana ɓoyewa a ƙarƙashin dalilai ya fito fili, ba inda zai sake tura shi.

"Inna," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "na ga kin raba tukwanenki. Na ga farin ƙyallen da kika sa a ƙasan kayanki. Ba tafiyar dawowa kike shiryawa ba."

"Dawowa ta Allah ce," ta ce. "In ya dawo da ni, zan ari tukunya. In ya riƙe ni a can, ai abin da nake roƙo ke nan tun kana goye. Kai dai kana so in mutu inda za ka ga kabarina."

"Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne. Ni ma haka na so wa uwata."

Suna nan aka kira la'asar. Sannan ya miƙe, ya sa takalmansa.

"Ina kuma za ka? Wani malamin za ka ɗauko mini?"

"Wurin direban za ni," ya ce, bai juyo ba. "In roƙe shi ya sa ki a gaba. Bayan mota akwai jijjiga, ga ƙafar nan taki."