An Binne Farcen Eno Gyamfua

Twumasi ya yi wa uwarsa zaman makoki tana da ranta, tana cin abinci, tana jinyar gwiwa. Kuma ba a ɓoye ya yi ba. Rumfuna ya kafa a filin gaban coci a garin Nsuta, ya ɗauko makaɗa daga Mampong, ya raba shinkafa da lemo, ya zauna a sahun gaba cikin jan zanen makoki yana miƙa hannu ana yi masa ta'aziyya. Duk wanda ya ce talauci ne ya kai shi, ƙarya yake yi. Twumasi ba ya kwana da yunwa.

Ya daɗe a Amurka yana tuƙin mota. Matarsa ta haifi tagwaye, mai raino kuwa a can sai wane da wane. Nan ne ya tuna yana da ƙanwa a gida, Ampofowa, autar Eno Gyamfua kuma 'yarta mace tilo, mai shekara goma sha huɗu. A gaban mutane karatu yake cewa zai kai ta. To amma ɗaukar ƙanwa da sunan ƙanwa dogon layi ne, kafin ya zo kanta tagwayen sun yi gemu. Wani dillalin takardu a Kumasi ya nuna masa gajeriyar hanya: ya mai da ita 'yar riƙonsa a gaban kotu tun shekarunta ba su wuce ba. Sharaɗin ɗaya ne, ta zama ba uwa ba uba. Uban dai ya riga mu gidan gaskiya tuntuni. Saura uwar. Dillalin ya kuma gargaɗe shi cewa takarda kaɗai ba ta isa ba, don ofishin jakadanci kan turo mutane su tambayi maƙwabta, a Nsuta kuwa ba wanda zai yarda mutum ya mutu in bai zauna a rumfar makokinsa ba.

Eno Gyamfua ba ta san ko ɗaya daga wannan ba. Abin da ta sani, ɗanta ya dawo ganin gida da manyan akwatuna. Tun yana goye take sayar da barkono da tumatir a kasuwar Nsuta, da shi ta ciyar da shi, da shi ta biya masa makaranta. Wata safiya ya jawo kujera 'yar tsugunno ya zauna a gabanta, ya sa ƙafafunta cikin ruwan ɗumi, ya yanke mata farce da hannunsa. Ya kira mai aski ya rage mata suma irin askin dattijan mata, ya hana kowa taɓa tsintsiya, shi ya share wurin. Eno ta yi ta ba da wannan labari a kasuwa har maƙwabtanta na rumfa suka gaji da ji. Ta ce ƙasar Turawa ba ta ɓata mata yaro ba.

Daga nan ya ce gwiwar nan tata ta ishe shi gani. Ya ɗauke ta a mota zuwa wani ƙauye can cikin gonakin koko kusa da iyakar Kodebuwa, wurin wani mai maganin gargajiya, inda waya ba ta kamawa. Tata wayar ma ya karɓa zai kai gyara. Ya ce kada ta motsa sai ya dawo ɗaukar ta. Ta zauna tana shan sassaƙe, tana yi masa addu'a safe da yamma, har damina ta yi nisa.

Ranar da asiri ya tonu tana zaune bakin hanya tana ɓare rogo. Motar masu sayen koko ta tsaya, wani mutum ya sauko yana goge gumi da farin hankici. Ta gane shi, Adomako ne, ɗan unguwarsu. Sannan ta gane abin da ke jikin hankicin. Fuskarta ce, hoton da aka ɗauke ta ranar bikin godiyar girbi a coci. Eno ba ta iya karatu ba, amma ba ta buƙatar a karanta mata. Tana da irin waɗannan hankitai cike da leda a ɗakinta, kowanne da fuskar wanda ta je makokinsa.

Adomako ya ɗago ido ya gan ta, ya ja da baya zai gudu. Kafin ya juya ta cafke masa riga.

"Wa ya mutu, Adomako?"

"Ke ce, Eno," in ji shi. "Har na yi miki rawa a rumfa."

Sai da direba ya yayyafa masa ruwa kafin ya iya ba da labari. Twumasi ya koma Nsuta yana kuka, ya miƙa wa kawunsa Agyenim, yayan Eno kuma shugaban dangi, wani ƙulli a farin ƙyalle. Ya ce Eno ta rasu a can, mutanen ƙauye sun binne ta nan take. Al'ada ce, wanda ya mutu a nesa aka kasa kawo gawarsa, gashinsa da farcensa ake kawowa gida a binne a maƙabartar dangi. Agyenim ya kwance ƙullin, ya ga furfurar ƙanwarsa, bai ƙara tambaya ba. Da aka tambayi dalilin gaggawar binnewa, Twumasi ya ce kumburi ta yi, ciki da ƙafafu, har ba a iya ajiye ta.

Wannan ce ta fi ƙona ran Eno. Kumburi ciwon wanda aka yi wa baki ne, ɓarawo ko mai rantsuwar ƙarya. Wato bai tsaya ga kashe ta ba, sai da ya zaɓa mata mutuwar da za a yi ta raɗa a kanta. Ta kuma tuna hannunsa a kan ƙafarta cikin ruwan ɗumi. Ta jefar da wuƙar rogo, ta hau motar koko da zanen jikinta.

Ranar kasuwa ta sauka a Nsuta. Mai sayar da gawayi ce ta fara ganin ta, ta saki tire ta ruga. Kafin ka ce kwabo layin 'yan tumatir ya watse, wasu na kiran Yesu, wasu na kiran kakanninsu. Eno ba ta kalli kowa ba, ta ɗingisa har rumfarta. Nyarkoa ce zaune a ciki, 'yar ƙanwar uwarta, wadda dangi suka naɗa magajiyarta ranar arba'in, suka damƙa mata ɗaki da akwatin zannuwa da rumfa. A jikinta kuwa atamfar da Eno ta ajiye a ƙasan akwati don ranar da za a shimfiɗe ta da gaske. Nyarkoa ta maƙale a bayan buhu.

Ko yaro a Nsuta ya san fatalwa ba ta cin yaji, shi ya sa abincin da ake ajiye wa matattu ba a sa masa barkono. Eno ta miƙa hannu cikin kwandonta na da, ta zaɓi attaruhu ja jawur, ta ɗaga shi kowa ya gani, ta jefa a baki ta tauna. Hawaye ya zubo mata, majina ta biyo. Mutane suka fara leƙowa daga bayan rumfuna.

"Ƙara ɗaya, Eno," in ji Afrakoma mai busasshen kifi daga nesa. "Wancan ƙarami ne."

"Da fatalwa ce ni, Afrakoma, da ke zan fara kai wa ziyara, saboda wannan bakin naki."

Afrakoma ta ce wallahi ita ce, ba mai zagi haka sai Gyamfua. Matan suka yo kanta suna taɓa ta, masu kuka na yi, masu dariya na yi. Eno ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce a kira mata Agyenim, a kuma aika Kumasi, inda Twumasi ya tafi da Ampofowa, a ce masa ya kawo mata 'yarta.

Dangi suka taru a tsakar babban gida. Twumasi ya shigo, Ampofowa na biye da shi, kanta a aske ƙwal irin na marayu, wuyanta ya zama kamar kara. Bai taɓa gaya mata gaskiya ba sai a cikin mota, don dillali ya ce kukan gaskiya ake so a gaban masu tambaya. Yarinyar ba ta ruga ba. Ta tako a hankali ta dafa hannun uwarta, ta matsa, ta sake matsawa.

"Maame, kullum ina ajiye miki doya da manja a bakin ƙofa," ta ce. "Ba na sa yaji."

Eno ta zaunar da ita tsakanin ƙafafunta, ta ɗora hannu a kan askakken kan.

Twumasi ya durƙusa, ya ɗora bayan hannun dama a tafin hagu, ya fara magana. Yana da baki, wannan ba a raba shi da shi. Ya ce don yarinyar ya yi. Ya ce kotu ta riga ta sa hannu, abin da ya rage bai taka kara ya karya ba. In Maame ta koma ƙauyen nan ta yi haƙuri na 'yan watanni, dangi kuma suka kama bakinsu, Ampofowa za ta hau jirgi, ta yi karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Zai gina wa Maame bene. In kuwa aka fasa, yarinya za ta ƙare a gaban kwandon barkono, shi kuma takardunsa na can za su shiga uku.

Eno ta auna maganar a ranta. Maganar kwandon barkono gaskiya ce, ta fi kowa sani. Ta san yadda rana ke dafa mutum a rumfar kwano, ta san abin da tsugunno ya yi wa gwiwoyinta. Wasu a cikin dangi ma sun fara gyaɗa kai, don ba gidan da ba ya son a ce yana da mutum biyu a waje. Da ce mata ya yi ta ba da ido ɗaya, da ta bayar. Ta dubi kan yarinyar, ta dubi ɗanta.

"In ta isa can, me za ta riƙa kiran ka?"

"Baba. A gaban mutane kawai, Maame."

"In ta yi kewata fa?"

Ya ce sai dai a yi hankali da waya, na ɗan lokaci.

"Tana makaranta, wa zai riƙe tagwaye?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce ai akwai makarantar yamma, da farko dai za ta ɗan taimaka wa matarsa.

Agyenim, wanda tun ɗazu yake kallon ƙasa saboda kunyar ƙullin da ya karɓa, ya ɗago kai. Ya ce a al'adar Nsuta ɗa na dangin uwarsa ne. Tagwayen Twumasi na gidan matarsa ne, ba na gidan Eno ba. Ampofowa kuwa ta cikinta ne gidan zai ci gaba, in ta tafi da sunan 'yar Twumasi, ɗakin Gyamfua ya rufe ke nan.

"Wato ni in mutu," in ji Eno, ba ta ɗaga murya ba, "'yata ta zama marainiya, don a wanke kashin 'ya'yan wani gida. Ka yanke mini farce da hannunka, Twumasi, na yi ta yabon ka a kasuwa kamar mahaukaciya. Ba zan koma daji ba. Gobe ina rumfata, duk wanda ya zo neman kabarina a nuna masa ni."

Ya ce Maame ta tuna shi ma ɗanta ne. Ta ce ta tuna, shi ne ya manta.

Agyenim ya sa aka kawo rago, Twumasi ya biya, aka yanka aka wanke wa Eno ƙafafu daga kiran mutuwa. Aka tono ɗan akwatin da aka binne, aka mai da mata gashinta da farcenta. Nyarkoa ta dawo da zannuwa tana ba da haƙuri, Eno ta ce ta riƙe atamfar, ba ta sa abin da aka gada daga gare ta. Sannan Agyenim ya zuba giya a ƙasa, ya kira kakanni da sunayensu, ya faɗi hukunci a gabansu. Ya ce uwa sau ɗaya ake binne ta, Twumasi kuwa ya riga ya binne tasa.

Ba a jima ba wasu mutum biyu masu tsabtar takalma suka zo daga ofishin jakadanci na Akara suna tambayar maƙwabtan marigayiya Gyamfua. Afrakoma ta raka su har rumfa, ta ce ga marigayiyar nan, su saya a hannunta, barkononta ya fi na kowa yaji. Eno ta amsa duk abin da suka tambaye ta, Ampofowa na gefenta cikin kayan makaranta, gashinta ya fara tsirowa.

Kotu ta soke riƙon. Can Amurka aka karɓe takardun Twumasi saboda rantsuwar ƙarya, aka sa shi a jirgi, matarsa ta zauna da tagwayenta. Yanzu yana tuƙin motar haya a Kumasi. Da Eno Gyamfua ta rasu da gaske bayan wasu shekaru, a kan gadonta, Ampofowa ce ta zauna a sahun gaba. Twumasi ya zo da jan zanensa, samarin dangi suka tare shi a bakin fili suka mai da shi tasha. An kuma sanar da shi cewa ranar da tasa ta zo, a binne shi inda ya faɗi, don ba wanda zai karɓi gashinsa da farcensa a Nsuta.