Bijimin Mailafiya

Nata'ala ya kwance igiyar Danejo daga turke, ya ja ta ta ƙofar baya, yana waiwaye kamar ba saniyar gidansu ba ce. Gari ya waye sosai, masu koko har sun fara kwashe kwanuka. A wannan safiyar ce likitar dabbobi, Malama Kausar, ta ce za ta zo ta ƙarasa aikinta, shi kuwa ya ƙudurta ba za ta same su ba.

Danejo ce kaɗai ta rage daga garken kakansu, wanda ya ajiye sanda ya zauna a Kabara. Nata'ala mai wankin hula ne, bai taɓa kwana a ruga ba, amma in ana hirar shanu sai ya gyara zama ya ce, "Mu Fulani." Saniyar ta daɗe ba ta haihu ba, ga dusa ta yi wuya. 'Yan'uwa suka zauna suka yanke cewa a gwada sau ɗaya, in ba ta ɗauki ciki ba a kai ta mahauta. Ƙaninsa Salisu, wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan a sayar, shi ne kuma ya kawo likitar. Wannan shi ya tsaya wa Nata'ala a rai.

Ranar farko ta saka wa saniyar wata roba mai zare a gaba, ta yi mata allura. Bayan sati ta dawo ta zare robar, ta ƙara wata allurar.

"Baba, robar nan tana riƙe ƙwan ne," in ji ta. "Da na cire, jikinta zai sake shi a lokacin da muka sani. Jibi da safe zan zo da iri in saka mata. Kada a kai ta ko'ina, don abin ba ya wuce wuni."

"Ina uban ɗan?" in ji Nata'ala.

Ta nuna masa hoto a waya. Wani dabbare-dabbaren sa ne, ba tozo, ba ƙahon kirki.

"Wannan ai ba sa ba ne," ya ce. "Kuma maganin da ke riƙe ƙwai, a garin nan mun san sunansa. Shi ake ba mata a asibiti."

Ta yi dariya ta ce ɗan'uwansa ne, amma aikinsu ya bambanta. Salisu ma ya yi dariya. Nata'ala ya dubi dariyar nan guda biyu, ya ga sun yi kama da yawa. Tun daga nan ya gama lissafinsa: za a busar da mahaifar saniya a gabansa, a zuba mata ruwan banza, sannan a ce an gwada.

Sai dai abin da likitar ta faɗa ya faru. Danejo ta wayi gari tana kuka, tana zagaya turke, ta ƙi dusa. Nata'ala ya ce a ransa, to, in lokacin ne, shi ya san inda sa na gaske yake. A wani kango a Jakara, Mailafiya mahauci yana turke da wani farin bijimi mai tozo kamar tulu.

Mailafiya ya tafi kasuwa, amma kangon ba ƙofa. Nata'ala ya ɗaure Danejo kusa da bijimin, ya sassauta masa igiya, ya zauna a kan bulo. Waya ta fara ruri a aljihu, Salisu ne. Ya kashe ta gaba ɗaya.

Bijimin ya shinshina ta sau ɗaya, ya koma kan harawarsa. Danejo ta goge shi da kai, ta zagaya, har ita ta yi ƙoƙarin hawansa. Ko a jikinsa. Rana ta take, aka kira azahar, Nata'ala ya yi salla a masallacin bakin lungu ya dawo da sauri, ya tarar da gogan a kwance yana tuƙa. Ransa ya ɓaci ƙwarai, amma can ƙasa akwai wani ɗan daɗi, don ga shaida ta fito. Sun saka mata abin da ko sa ba ya son warinta.

Bayan la'asar Mailafiya ya shigo da buhun dusa a kafaɗa. Nata'ala ya tare shi da labari tun daga robar har dariyar Salisu.

"Tun yaushe kake nan, Malam Nata'ala?"

"Tun safe."

Mailafiya ya ajiye buhun a hankali. Bai yi dariya ba, kuma hakan ya fi dariyar ciwo.

"Ai dandaƙaƙƙe ne, ba ya barbara. Tun yana maraƙi aka dandaƙe shi, shi ya sa ya yi wannan jikin. Ba ka duba ƙasansa ba?"

Ya duba. Ya duba tun da safe, ya ga abu yana nan, bai san yadda ya kamata ya kasance ba.

Ya kunna waya ya kira ƙaninsa. Salisu ya ɗauka, muryarsa a dishe.

"Yaya, kana ina? Na zagaya Kabara da Gwale a ƙafa ina nemanka. Baiwar Allah ta zauna a zaurenmu har azahar da tulun irin nan. Ni na roƙe ta ta jira, ta bar wasu shanun don mu. Yanzu ta wuce Wudil, sai gobe da yamma."

"Gobe ba zai yi ba?"

"Ta ce ya wuce."

Nata'ala ya sauke wayar. Kunya ta rufe shi, da tausayin saniyar. Danejo ta daina kuka, ta sa baki a harawar bijimin tana ci. Mailafiya ya matso, ya ɗora hannu a gadon bayanta, ya danna, ya gangara zuwa cinya ya matsa, irin matsawar da mahauta suke yi.

"Tana da jiki," ya ce. "Za ka koma da ita ne, ko a bar ta nan tunda ta riga ta zo?"