Hancin Aro

A layin da ke bayan tashar mota akwai wani shagon turare mai ƙofar gilashi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da labule. Shagon na Hajiya ne, amma duk macen da ta shiga, Anti Hanci take nema. Ba don girman hancin aka laƙaba mata sunan ba, ko da yake, tsakani da Allah, shi ma ba baya ba ne. Aiki yake yi. Kafin mace ta gama sallama ta faɗa mata turaren da ta fesa, da sabulun wankanta, wani lokacin har da abin da ya ƙone mata a tukunya.

Ƙa'idar shagon ita ce, in sabon turare ya zo, ba a jera shi a kanta sai Anti Hanci ta fesa a wuyan hannunta, ta wuni da shi, ta kwana da shi. Washegari ta yanke hukunci: wannan na 'yan mata ne, wannan na matan ofis, wannan sai da zafi, wancan sai da sanyi. Abin da ta faɗa ya zauna.

To, farkon shigowar sanyi mura ta kayar da ita. Murar ta yi kwanakinta ta tafi, amma 'yar banzar ba ta tafi hannu rabbana ba, ta tafi da hancin. Albasa, fetur, turare, duk ɗaya suke a wajenta. Ba ta gaya wa kowa ba sai mijinta, wani kafinta mai yawan dariya. Ta san Hajiya ba ta ajiye abin da ya daina aiki. Ko fanka ce ta tsaya, washegari a bakin ƙofa za ka gan ta. Ita kuwa a wannan shagon ta yi furfura, in ta bar shi ina za ta dosa?

Tsofaffin turarukan ba su ba ta wahala ba, ta haddace su kamar sunayen 'ya'yanta. Ta riƙa kai kwalba hanci, ta lumshe ido, ta gyaɗa kai, ana ta saye. Ana nan sai ga Hajiya da kwali, ta zaro wata kwalba mai duhu, rubutun jikinta ba wanda ya iya karantawa a shagon.

"Ga sabo," in ji Hajiya. "Gobe ki gaya mana masu shi."

Anti Hanci ta fesa, ta yi murmushin dole.

Da rana ta ce za ta je sayen maganin tari, ta zarce wurin aikin mijinta. Ta same shi yana yankan katako, garin katakon har a girarsa.

"A'a, Gimbiya da kanta? Kujera ce ta karye, ko kewata aka yi?"

"Ajiye zarton nan, Malam. Aron hancinka na zo."

Ta miƙa masa hannu. Ya sunsuna, ya sake sunsunawa, ya ƙi sakin hannun.

"Ka sakar min hannu, mutane na wucewa! Me ka ji?"

"Kayan marmari. Kamar an yanka tuffa da ta nuna sosai, ga ɓawon lemu a gefe. Gimbiya, da ba a kan titi muke ba, da na ɗan gatsa."

"Tsoho da kai, ba ka jin kunya."

Ta koma shago da ɗan ƙwarin gwiwa. Da yamma a gida, bayan ya yi wanka ya sauya riga, ta sake miƙa masa hannun, don ta san turaren kirki yana sauya hali in ya jima a jiki. Ya kai hanci ya sunsuna.

"Itace," ya ce.

"Na san za a rina."

"Wallahi itace ne. Zaƙin yana nan, amma ya koma baya. Kin san in an buɗe tsohon kabad na katako mai kyau, wanda ya jima a rufe? Wannan ɗumin. A sanyin nan ma sai ya fi tashi."

"Malam, kai wane abu ne ba ya maka ƙamshin itace? Matashin kai, itace. Shayi, itace. Ranar da aka haifi autarmu ka sunsuna kanta ka ce ƙamshin sabon katako take yi, har ungozoma ta harare ka."

"Ai yi take yi."

"Ka gani ko? Garin katako ne ya yi gida a hancinka."

Ya rantse, ya face hanci, ya je ya wanke shi da ruwan ɗumi ya dawo, ya ce itacen nan dai yana nan daram. Ita kuwa ta riga ta yanke: rabin maganar miji za ta ɗauka, ta zubar da rabi, kamar yadda ta saba tun aurensu.

Da safe ta tsaya gaban Hajiya ta ce, "Na kayan marmari ne zalla, mara nauyi. 'Yan mata za mu ba, sai kuma in zafi ya dawo."

Hajiya ta kalle ta ta saman tabarau.

Ba a jima ba wata shugabar makaranta ta shigo, ta naɗe wuya da mayafi mai kauri. Tsohuwar mai saye ce. Ta ce tana son turare mai ɗumi, wanda zai kama rigar sanyi ya zauna, ba irin na yaran nan mai tashi kamar balbela ba. Idonta ya faɗa kan kwalba mai duhu.

"Wannan ba naki ba ne, Malama," in ji Anti Hanci. "Na yara ne."

"Miƙa mata dai ta ji," in ji Hajiya daga kujerarta, ta miƙo nata hannun. "Ko ki ji a jikina, Malama. Tun asuba na fesa."

Malama ta sunsuna hannun Hajiya, ta buɗe ido. "Kai! Wannan ai itace ne mai daɗi, da ɗan zaƙi-zaƙi a bayansa. Shi nake nema. Anti, yau kuma gwada ni kike yi?"

Anti Hanci ta yi dariyar yaƙe, ta naɗe mata kwalbar. Malama na fita, Hajiya ta ce, "Biyo ni sito."

Cikin kwalaye suka tsaya. Anti Hanci ta fara kwance ɗaurin rigar aikinta, gara ta cire da kanta kafin a ce ta cire.

"Me kike yi haka?"

"Hajiya, hancin ya tafi. Tun murar nan."

"Kina zaton yau na sani? Ni na sani tun ranar da wayar butar shayi ta ƙone kusa da ke, shago ya cika da ƙauri, ke kina zaune kina murmushi kamar amarya. Jira nake ki faɗa da bakinki. Wa ya gaya miki maganar kayan marmarin?"

"Baban yara."

"Itacen fa, bai ji ba?"

"Ya ji. Ni ce ban yarda ba."

Hajiya ta yi dariya har sai da ta dafa kwali. "Kafinta ya ce miki itace, kin ƙaryata! To wa za ki yarda da shi, mahauci?" Ta share hawaye. "Ɗaura rigarki. Waye a shagon nan zai kalli mace daga ƙofa ya san abin da zai dace da ita in ba ke ba? Jibi zan kai ki wajen likitan hanci da kaina. Kafin Allah ya dawo miki da hancin, mijin naki ya riƙa leƙowa in sabon kaya ya zo."

Anti Hanci ta goge ido da gefen mayafi, ta ɗaure rigar tam.

"Zai zo, Hajiya. Amma a shago takarda za a riƙa fesa masa. Mutumin nan in ya kama hannu ba ya saki."