Makullin Ɗakin Tambaya

Baba Mai-gadi ya rantse shi ya fara ganin abin, tun masu digiri ba su san akwai abin gani ba. Shekara tara yana zaune a ƙofar cibiyar da ke nemo wa mutane 'yan uwan da gudun hijira ya raba su da su. Bai san ko bihim ba, amma ya iya karatun ƙafafu. Mutum zai shiga ɗakin tambaya da takunsa garau, akawu ya tura ƙofa ya murza makulli, ƙaras, don kada wani ya ji sirrinsa. Kafin minti biyar sai ka ga mutumin ya fito yana haɗa hanya, bai ce uffan ba. A rubuta a fayil: ya ƙi ba da haɗin kai.

"Ɗana, makullin nan ne," ya sha gaya wa akawu. "Wanda aka taɓa kullewa, kunnensa ba ya mantuwa."

"Baba, doka ce. Sirrin mutane muke karewa."

Mai shara kuwa, wata bazawara da ba ta raga masa, ta dogara da tsintsiyarta. "Kai da ka san komai, tsoho, me ya hana ka ƙarasa naka?"

Sai Baba ya shiga gyaran hula. Duk wanda ya taɓa zama a bencinsa ya san labarin: kwana arba'in ya yi a kulle cikin sito, su talatin da ɗaya, su shida suka fito da rai, shi ne ma ya goyo na shidan. Mutuwa ta dube shi ta sauya hanya. Wannan kam yana ba da shi har da kwaikwayon muryoyi. Abin da ba ya bayarwa shi ne abin da ya faru da safen ranar da aka kama shi. Yana da 'ya mai shekara bakwai. Shekara goma sha shida ke nan bai san inda take ba.

Sau uku ya shiga ɗakin don a buɗe mata fayil. Sau uku makulli ya ce ƙaras, akawu ya karanto tambayar farko, "A ina ka rabu da ita, kuma ta yaya?", Baba ya ji iskar ɗakin ta ƙare. Ya ce fankar ce take damunsa. Fayil ɗin ya tsaya a shafin farko, kuma shugaban cibiyar ya sanar cewa ƙarshen wata za a rufe duk fayil ɗin da bai cika ba.

A makon ne aka turo wata malama ta horar da ma'aikata yadda ake karɓar mutanen da suka ga tashin hankali. Kwana biyu suna taro a sama. Ba a gayyaci mai gadi ba. Rana ta uku ta sauko da kofin shayinta, ta zauna a bencinsa.

"Baba, kowa ta gabanka yake shiga, ta gabanka yake fita. Me kake gani?"

Ya dube ta sama da ƙasa. Shekara tara ba wanda ya yi masa wannan tambayar. Ya gyara zama, ya karanta mata ƙafafu tun daga farko.

Washegari kafinta ya zo ya cire makullin. Aka rataya labule mai kauri, aka matsar da bencin masu jira can ƙarshen baranda inda ba a jin magana. Aka janye teburin da ke tare hanya. Akawu ya yi ta gunaguni, har ranar da wata tsohuwa da ta gudu sau biyu ta zauna ta yi awa guda tana bayani.

"Saura kwana huɗu, Baba," in ji malamar. "Ba dole. Amma ɗakin yana nan."

"Ni? Ni da na koya muku aikin?"

"Shi ya sa. Zo ka duba ko mun iya."

Ya shiga yana taku kamar mai duba gini. Ta ce ya zaɓi kujera. Ya ɗauki ta bakin ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a waje, ƙarƙashin labule.

"Ba sai ka faɗi yadda kuka rabu ba," ta ce. "Duk sanda ka so tashi, ka tashi. Gaya mini kawai, yaya take?"

Akawu ya ajiye biro.

"Bahaguwa ce," ya ce. "Uwarta ta yi faɗa ta gaji. Tana da tabo a girar dama, bakin tukunya ne. Ba ta taka diddige, a kan yatsu take tafiya kamar mai tsallake ruwa. In za ta yi dariya sai ta fara shaƙuwa."

Ya tashi ya fita. Ya zagaya famfon tsakar gida, ya wanke fuska, ya dawo. Ba wanda ya bi shi, ba wanda ya rubuta komai a kansa. Da ya zauna, ba tare da an tambaye shi ba, ya ce:

"A tasha ne. Ta ce ƙishi take ji. Na zaunar da ita kan ƙunshin kayanmu, na ce kada ta motsa, yanzu zan dawo."

Aka aika fayil ɗin cibiyoyi goma sha ɗaya.

Wata uku ke nan, amsa ba ta zo ba. Baba ya matsar da bencinsa inda yake hango kwanar titi. Duk macen da ta doso, ƙafafunta yake fara duba.

"Yanzu fa ta kai ashirin da uku," mai shara ta ce, murya ƙasa-ƙasa, ba tsokana. "Wataƙila har da goyo. Anya za ka gane ta?"

Baba bai ɗauke ido daga titin ba.

"Ki tara mata ɗari a filin nan, ki rufe musu fuska, ki ce wani ya ba su dariya. In na wuce ta, ki karɓi sandar gadin nan, ni in karɓi tsintsiya. Duk mai musu ya je ya kawo su. Ina nan zaune."