Bututun Wuyan Kafinta

Ƙanen kafinta ne ya kulle shago ranar gobara, da yayansa a ciki. Sun yi cacar baki a kan wani teburi, ƙanen ya garƙama kwaɗo ya tafi abinsa. Kafin maƙwabta su ɓalle ƙofar, hayaƙin fenti ya ƙona wa kafinta maƙogwaro. Da ciwon ya warke sai hanyar iska ta tsuke. Likitoci suka huda masa wuya suka sa bututu, ta nan yake numfashi. In zai yi magana sai ya toshe bakin bututun da yatsa, kowace kalma da wahalarta.

Shekara uku ke nan. Yana magana da 'yarsa, yana magana da mai gyaran takalmi, har kyanwar gidan yana daka wa tsawa. Ƙanen kuwa ko sannu bai samu ba. Duk da haka kullum da hantsi sai ya zo ya zauna kan benci a bakin ƙofa, yana jiran a yafe masa.

Ran nan 'yar ta tafi kanti. Kafinta ya cire ƙyallen da ke rufe bututun saboda zafi, ya hau goge ƙafar kujera. Ƙurar katako ta tashi. Can sai wuyansa ya fara ƙara kamar usur. Ya yi tari, babu abin da ya motsa. Ya ja numfashi, ƙirji ya lotsa, iska ta ƙi shiga.

Ƙanen ya faɗo ɗakin. "Yaya! Toshewa ya yi?"

Ya kai hannu, kafinta ya damƙe shi. Idon kafinta ya fara ganin duhu, amma tunani ɗaya ya tsaya masa daram: gara ya mutu a gaban ƙanen, duniya ta ce ƙanen ya ƙarasa abin da ya fara.

"Sake ni, tsoho mai taurin kai! Mutuwar ma don ka ƙuntata mini za ka yi ta?"

Ƙanen ya danne hannun kafinta da gwiwa. Ya murɗa ƙaramin bututun da ke cikin babban ya zaro, ga shi cunkushe da busasshen kaki. Iska ba ta wuce ba. Ya jawo injin zuƙar kaki daga ƙarƙashin gado, ya zura siririn tiyo, ya zuƙa, ya sake zuƙa. Wani gudan kaki ya fito. Iska ta shiga da gurnani, leɓen da ya yi baƙi ya fara dawowa.

"Nas ce ta koya mini tun kana kwance a asibiti," in ji ƙanen, yana haki. "Ka zaci bencinka nake zuwa gadi?"

'Yar ta shigo, ta ga tiyo a ƙasa, ta saki ledar hannunta. Ta wanke bututun ta mayar.

"Baba, Baffa ne fa ya cece ka. Ka ce masa wani abu mana."

Ƙanen ya durƙusa. "Yaya, ba godiya nake nema ba. Ka ce ka yafe, shi ke nan."

Kafinta ya jira har ƙirjinsa ya cika. Ya goge yatsa a riga, ya ɗaga a hankali, ya toshe bututun. Ya dubi ƙanensa ido cikin ido.

"Ban yafe ba."